Wankan Jegon Bindigar Gidanmu

Kakata ba ta san ko alif ba, kuma ba ta taɓa shiga mota da son ranta ba, amma ban taɓa ganin wanda ya san halin ƙarfe kamarta ba. Ina faɗar haka ne bayan na shafe shekaru ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, don kada a ce son kai ne na jika. Sunanta Ladi, haifaffiyar Gitata ce, aure ya kawo ta Keffi tun kafin ƙasar nan ta samu mulkin kai. Har ta koma ga Allah harshenta bai saki Gwandara ba. Mu jikoki mukan kwaikwayi Hausarta a bayan ido, idan ta kama mu sai ta ce, mu da muka iya Hausar me muka tsinana da ita ban da roƙon ƙanzo.

Gidanmu yana unguwar Yara. A shekarun da nake ba da labari, kuɗin mai ya fara shigowa ƙasa, ana ta fasa hanyoyi, azumi kuma cikin damina yake faɗowa. Saboda haka hirarmu ba a tsakar gida muke yi ba, a ɗakin girki muke taruwa da zarar an idar da sallar isha'i. Ruwa na sauka a kan jinka, wutar tuwo ta koma garwashi, mu jera ɗanyar masara a kai muna juyawa muna ƙona yatsu. Kaka tana kan 'yar kujerarta, ta miƙe ƙafafu wajen murhu saboda sanyin gwiwa. Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke farawa. Sai ta ƙwanƙwasa muciya a gefen tukunya sau biyu, ta ce, "Ga wata baƙuwa a bakin ƙofa." Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "A buɗe mata ta shigo." Ni ce babba a cikin jikokin da ke gidan, shekarata goma sha biyu, sunana Hajara, amma ita ƙawalli take ce mini, don haka gurbin da ke jikin gwiwarta nawa ne, babu mai ja da ni.

Sai na faɗi abin da gidanmu yake taƙama da shi, in ba haka ba ba za a gane tatsuniyar ba. Kakanmu marigayi maharbi ne, ya bar mana bindigar toka doguwa wadda a lokacin ta fi ni tsawo. Ba farauta ce ta yi mata suna ba. Idan labarin ganin wata ya tabbata daga fada, na azumi ko na salla, bindigar gidanmu ake bugawa a filin bayan unguwa don mutanen gonaki da rugage na bayan gari su ji. A damina hadari kan rufe sama, ba mai ganin komai da idonsa, rediyo kuwa ba kowa ke da ita ba. Mutumin da ke kwana a bukkar gona ƙarar bindigarmu yake jira ya san ko zai tashi sahur. Shekara arba'in kakanmu yana wannan aiki, bindigar ba ta taɓa ƙin tashi ba ko sau ɗaya. Mutanen gari suka ce asiri ne, akwai layar da aka binne a cikin ƙotarta, shi kuma bai taɓa musa musu ba.

Mu na cikin gida mun san asirin, buta ce da ruwan zafi. Maharba suna cewa hannun mace yana kashe bindiga, don haka ba a faɗa a waje. Amma duk ranar da aka buga ta, ta ƙofar baya ake shigo da ita a miƙa wa Kaka. Ta toshe 'yar hudar da wuta ke bi da ƙaya, ta ɗura tafasasshen ruwa ta baki da ɗan sabulun salo, ta girgiza, ta juye. Ruwan farko baƙi ƙirin yake fita, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta naɗa tsumma a sandar ɗuri ta goge, ta sake ɗurawa, har sai ruwa ya fita fari kamar yadda ya shiga. Zafin ruwan shi ke busar da ƙarfen. Sannan ta shafe cikin da man kaɗe kaɗan, kaɗan ɗin gaske, ta rataye. Da hannunta ya fara rawa, ni ta koya wa riƙe butar.

Tatsuniyar da ta fi so ta wani maharbi ce mai suna Tanko, matalauci wanda ko ɓera ya shiga ɗakinsa sai ya fito da hawaye. Wata rana a daji ya tarar da wata tsohuwa ta kasa ɗaga ƙunshin itace, ya ɗaukar mata har bukkarta. Ta shiga ta fito masa da bindiga. A nan Kaka takan ƙanƙance murya ta koma ta tsohuwar.

"Ɗan nan, wannan da kake gani mace ce. Duk ranar da ka ji ta yi ƙara, haihuwa ta yi. Kada ka sha ruwa, kada ka sa tuwo a baki, sai ka yi mata wankan jego da ruwan zafi. Shi ke nan abin da take so a duniya."

Tanko ya riƙe maganar. Abin da ya auna ba ya tsira, ya yi shanu, ya yi doki, ya rufe ɗakinsa da kwano. A nan ƙanena yakan ce, "Kaka, a zamanin da akwai kwano?" Ta ce, "A tatsuniyata akwai. In ka yi taka ka rufa da ciyawa." To, ana nan sai fatake suka zo daga bakin teku da wani mai a kwalba, mai ƙamshi, mai tsadar da sai an ba da saniya. Tanko ya dubi kansa ya dubi butarsa ta ƙasa, ya ji kunya. Ya ce ruwa ai na talaka ne, ko kare yana samu kyauta, bindigar da ta yi masa arziki ba ruwa ya kamace ta ba. Daga ranar, in ya dawo farauta sai ya tsiyaya mata man kwalba ya rataye, ya kira maƙwabta su zo su shaƙi ƙamshi. Idan gida ya yi shiru sai bindigar ta ɗauki waƙa daga jikin bango, mu ma mu ɗauka tare da Kaka:

"Tanko, Tanko, ɗora tukunya,
Mai jego wanka take so, ba kwalliya ba."

Shi kuwa sai ya tashi ya ƙara mata mai, ya ce ashe bai ishe ta ba.

Sai ga wata ɓauna ta addabi gonakin garin. Aka zo gun Tanko da kiɗa, gari duka ya biyo bayansa don a ga aiki. Ɓauna ta fito, ya auna, ya ja kunama. Kaka takan yi shiru a nan har sai mun ji ƙarar ruwa a kan jinka, sannan ta ce, "Ƙyas." Ko hayaƙi babu. Makaɗa suka zubar da ganguna, Tanko ya yar da bindiga ya ɗare bishiyar ɗorawa, rabin wandonsa na kan ƙahon ɓauna. Kwana uku yana sama, ɓauna na kwance a gindi, ba ta tashi sai in za ta shan ruwa. Ba wanda ya zo sai uwarsa, wata tsohuwa tukuf. Ta faki lokacin da ɓauna ta tafi rafi, ta ɗauke bindigar, ta haɗa duwatsu uku ta tafasa ruwa, ta wanke ta tas, ta ɗura mata albarushi, ta miƙa masa a kan gora. Ɓauna na dawowa bindiga ta yi magana, gari ya ci nama kwana bakwai. Kaka ta rufe da cewa, "Baƙuwa ta koma inda ta fito, kan ɓera ya raka ta. Wanda ya ƙona masarata ya ba ni tasa."

Mun sha jin wannan tatsuniya tun muna ƙanana, amma a daminar nan da nake magana Kaka ta maimaita ta har muka ƙosa, kuma da ƙarfi take ba da ita, fuskarta na kallon ƙofa. Ba don mu take yi ba. Tagar ɗakin Babanmu tana fuskantar ɗakin girki.

Babanmu shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa, Direba take ce masa. Bayan rasuwar kakanmu shi ya gaji bugun bindiga, shekara biyu ana yi yadda aka saba. Sai ya samu aikin tuƙa tifa a wajen masu gina hanya. Ya shiga cikin makanikai, ya ga injuna manya, ya dawo da agogon hannu da rediyo da ilimi sabo. Ba na yi masa dariya, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne kuma ba wawa ba ne. Abin da ya gani da idonsa gaskiya ne: ƙarfen da aka bari a ruwa tsatsa yake yi, wanda aka shafa wa mai yana daɗewa. Ranar sunan ƙanwata, da bazara, ya buga bindigar sau uku don murna. Na ɗauko buta kamar kullum, sai ya tare ni a bakin zaure, galan ɗin man inji a hannunsa.

"Mayar da butar nan, Hajara. An daina zuba wa ƙarfe ruwa a gidan nan."

Kaka ta fito tana dafa bango. "Direba, ba ni ita tun tana da ɗumi."

"Iya, ki yi haƙuri. Ruwa abokin gaban ƙarfe ne. Wannan man da kike gani, injin da ya fi ɗakin nan girma shi yake sha. Zamani ya wuce na buta."

"Injin naka albarushi yake ci?"

Sai ya buɗe galan ɗin. Ya tsiyaya man cikin bututun har ya cika, ya juye, ya goge bayanta tana ƙyalli, ya naɗe ta da buhu ya kai ɗakinsa. Ban manta yadda Kaka ta tsaya tana kallon ƙusar da bindigar ta saba ratayuwa a ɗakinta ba. Ta ce mini, "Sauke ruwan, ƙawalli, ki wanke kwanuka da shi, kada itace ya tafi a banza." Na ji haushin Babanmu a ranar, haushi na gaske, amma ba halin in nuna. Tun daga lokacin, da zarar mun kai wajen waƙar Tanko, sai mu ji an ƙara muryar rediyo a ɗakin da ke fuskantarmu.

Wata huɗu bindigar tana cikin buhu, damina tana zuba. Ranar ashirin da tara ga Sha'aban, da hantsi, Babanmu ya fito da ita tsakar gida don ya shirya. Daga waje kyakkyawa ce, ko ɗigon tsatsa babu. Ya zura sandar ɗuri don ya tabbatar babu komai a ciki, sanda ta shiga kamar kamu ɗaya ta tsaya. Ya danna, ta ƙi. Ya ja, da ƙyar ta fito, bakinta ya kwaso wani abu baƙi mai danƙo kamar kwalta. Man ya haɗu da dattin albarushin da ba a wanke ba, sun daskare tare, 'yar hudar wuta kuwa ta toshe kamar ba a taɓa huda ta ba.

Ya ɗauko kananzir ya ɗura. Danƙon ya ɗan saki, ya yi ta fitar da baƙin tsumma, har ya fara murmushi. Amma a ƙarƙashin danƙon akwai wani ɓawo mai tauri da ya manne wa ƙarfen, kananzir ya bi ta kansa ya wuce kamar bai gan shi ba. Ya gwada fetur, Innarmu ta kwashe yara ta kashe wutar murhu don tsoro. Ɓawo yana nan. Ya saɓa bindiga ya tafi gun maƙeri, aka ce maƙeri ya tafi cin kasuwar Garaku, sai gobe.

Bayan azahar Mai Unguwa ya yi sallama a zaure. Labari ya riga ya kai masa, don warin fetur ba ya ɓoyuwa. Ina bayan ƙyaure ina ji.

"Malam Isa, ba na son in ji a bakin wani. Za ta tashi?"

"Za ta tashi, ranka ya daɗe, da yardar Allah."

"Allah ya sa. Amma ka san ba wasan suna ba ne, azumin mutane ne. Ɗanjuma ya daɗe yana roƙona, bindigarsa sabuwa ce. Zan ce ya zo da ita filin. In taka ta ƙi, shi zai buga, kuma ka san abin da ya bar gida ba ya cika dawowa."

Ɗanjuma tsohon soja ne, ba mugu ba ne, amma ya sha faɗa a majalisa cewa asirin gidanmu ya bi mai shi kabari. Babanmu ya dawo ciki ya zauna a kan turmi, bindiga a kan cinyarsa, hannuwansa baƙi har gwiwa. Kaka tana ƙofar ɗakinta tana ɓare gyaɗa, ko kallonsa ba ta yi ba. Na san ta, ƙwayar gyaɗa ɗaya ta yi ta juyawa a hannu. Sai da aka kira la'asar ya yi salla, sannan ya zo ya cire takalmi ya tsuguna a gabanta, ya ajiye bindigar a kan tabarma.

"Iya, a taimaka a ɗora ruwa."

"Wane ruwa? Ba abokin gaban ƙarfe ba ne?"

"Iya, na ji tatsuniyar. Duk da rediyo na ji ta."

"To Tanko, ka sauko daga ɗorawa ke nan?"

Innarmu ta toshe baki da mayafi ta shige ɗaki. Babanmu ya sunkuyar da kai, amma na ga gefen bakinsa ya motsa. Kaka ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, kuma ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya. Ta ture farantin gyaɗa ta ce, "Ƙawalli, babbar tukunya. Ki cika wuta. Kai kuma kwashe min galan-galan ɗin nan da gorar albarushi ka kai bayan gida, kada in ga ko ɗaya kusa da murhu."

Babanmu ya ce shi zai wanke. Ta ce a'a, shi bai san yadda ruwan ƙarshe yake kama ba, ya dai naɗe hannu da tsumma ya riƙe bututun. Ni zan zuba, ni zan goge. Haka muka yi, ubana a durƙushe yana riƙe da ƙarfe mai zafi, ni a tsaye a kan turmi da buta, Kaka a kujerarta tana ba da umarni. Ruwan farko da sabulu ya fito da sauran mai da kananzir yana yawo a sama. Na biyu ma haka. A na uku ne warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tashi, warin da na sani, ruwan ya fito baƙi da gutsattsarin ɓawo. Kaka ta shaƙa ta ce, "Yauwa, yanzu ya kai gare ta." Na naɗa tsumma a sanda na yi ta turawa ina ja har kafaɗuna suka mutu. Buta bakwai na ƙirga, daga nan na daina ƙirga. Hudar wuta ce ta fi ba mu wuya. Na karya ƙaya huɗu a cikinta, rana tana ta sauka, Babanmu yana duban agogonsa yana duban sama. Da ƙaya ta biyar na ji wani abu ya saki, ruwan zafi ya tsarto ta hudar siriri ya sauka a ƙafarsa. Ya yi tsalle yana cewa alhamdu lillahi, ban san ko na zafi ba ne ko na murna.

Da ruwa ya fita fari muka goge da busassun tsummoki, muka jingine ta baki ƙasa har ta daina tururi. Kaka ta zura ɗan yatsanta a bakin bututun ta shafa a hankali, fuskarta ta canja.

"Ta yi zanzana. Tsatsa ta ci ta a ƙarƙashin man naka, wannan tabon ba mai fitar da shi." Ta dube shi. "Kada ka ɗura mata albarushi yadda marigayi mai gidan nan ya saba ɗurawa. Ka rage. Ta yi jinya."

Ya ce, "To, Iya." A ranar duk abin da ta ce, to yake cewa.

Magariba ta yi, sama a rufe, ba wanda ya ga komai. Aka yi isha'i, maza suka taru a filin bayan unguwa suna jiran saƙo. Mu mata da yara muna cikin zaurenmu da ke kallon filin, Kaka a bayan ƙyaure ta riƙe hannuna. Ina hango Ɗanjuma a gefe, sabuwar bindigarsa a kafaɗa, ya riga ya ɗura. Can sai ga fitilar keke tana tahowa daga wajen fada. Ɗan saƙo ya sauka ya yi magana da Mai Unguwa, Mai Unguwa ya juya ya ce, "An ga wata. Malam Isa, bismilla."

Babanmu ya fita tsakiyar fili ya ɗaga bakin bindiga sama. Na ji farcen Kaka yana shiga tafin hannuna. Ya ja kunama.

Na ji ƙarar abubuwa da yawa a rayuwata, amma babu wadda ta yi mini daɗi kamar wannan. Wuta ta fita ja, hayaƙi fari ya tashi, jemagu suka watse daga bishiyoyi, ƙarar ta je ta bugi dutse ta dawo. Aka yi tsit ana saurare. Sai can daga wajen gonaki muka ji an buga ganga, daga wani gefen kuma guɗar mata siririya, alamar sun ji. Gobe ba wanda zai wayi gari da abinci a baki.

Mai Unguwa ya kama hannun Babanmu ya ɗaga. "Ɗan maharbi! Wa ya ce asirin ya bi tsoho? Ga shi nan a hannun ɗansa."

Da Babanmu ya yi shiru, da shi ke nan, haka ubansa ya yi shekara arba'in kuma ba wanda ya zarge shi. Amma ya zare hannunsa, ya ɗaga murya yadda har mu a zaure muka ji.

"Ranka ya daɗe, babu wani asiri. Ni na kusa kashe bindigar nan da man inji. Kunama kawai na ja. Mahaifiyata ce ke wanke ta da ruwan zafi tun ban san kaina ba, ita ce layar da kuke faɗa. Yau kuma ita da 'yata Hajara suka tashe ta."

Wasu dattawa suka yi gyaran murya, wani ya ce subhanallahi, mace? Ɗanjuma ne ya fara dariya, ya ce a soja ma da ruwan zafi suka ga tsofaffin kofur suna wanke wasu bindigogin, a gaya wa Iya gobe zai aiko da tasa. Ni kuwa ji na yi kamar na ƙara tsawo. An kama sunana a gaban mazan unguwa, ba don na yi laifi ba. Na juya in ga Kaka, sai ta saki hannuna ta leƙa ta ƙyaure ta ce, "Ku bar surutu ku kawo min ita tun tana da ɗumi." A daren ta ƙofar gaba bindigar ta shigo.

Shekaru bayan haka, a ɗakin gwaje-gwaje na kwaleji, na koyi sunayen abin da Kaka ta sani. Dattin da albarushi ke bari gishiri-gishiri ne, yana jawo laima daga iska ya ci ƙarfe. Ruwa yana narkar da shi, mai ba ya iyawa, sai dai ya lulluɓe shi ya ba shi wurin ɓuya. Na koyar da wannan ga ɗalibai masu yawa, kuma duk shekara sai na ba su labarin Tanko, suna dariya suna rubutawa. Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne sabo ba ya fin tsoho, amma da na girma na ga ba haka ba ne, man Babanmu yana da kyau a cikin tifarsa. Kuskuren Tanko shi ne ya ba bindiga abin da zai sa a yaba masa, bai tambayi abin da take bukata ba. Na ga iyaye sun yi wa 'ya'yansu haka, ni ma na yi, sai in tuna da waƙar in ji kunya. Yanzu a waya ake jin ganin wata, bindigar tana ɗakin ƙanena da zanzanarta, ba a buga ta. Idan aka tambaye ni 'yar wane gida ce, har gobe cewa nake gidan bindigar wata, kuma sai na ƙara da sunan wadda ke wanke ta.

A wancan daren na ganin wata, bayan mutane sun watse, mu biyu muka rage a ɗakin girki. Ina zuba ruwa tana riƙe da bututun da tsumma, don ta ce wannan karon ko hannunta zai karye ita za ta riƙe. Na ga tana share ido da gefen zane, na ce mata ko hayaƙi ne. Ba ta yi mini ƙarya ba.

"Ba hayaƙi ba ne, ƙawalli. Shekara arba'in ina bayan ƙyauren zaure, duk ganin wata, ina cewa yau kakanki zai faɗa wa mutane wadda ke wanke ta. Ashe ɗansa ya bar wa." Ta ja hanci, ta gyara riƙo. "Zuba, kada ya huce."